Yadda gilashi ke lanƙwasa haske har ya fitar da hoto: ka gwada da hannunka

Abin da yasa mutane da yawa basa gane wannan darasin na haske shine a takarda kawai suka gan shi, layuka da kibiyoyi a zane, babu wanda ya damƙa musu gilashin a hannu yace gashi nan ku gani da idonku. Alhali kuwa abu ne da zaka iya gwadawa a ɗakinka cikin awa ɗaya, kuma duk ranar da kaga hoton taga ya fito a kife a jikin farar takarda to shikenan ka gane, ba zai ƙara shige maka duhu ba.

Gilashin da nake magana shine wanda ake ce ma lenis, wasu suce ruwan tabarau, wato irin wanda ke cikin tabarau da kyamara da majigi, har da wanda ke cikin idonka. Kayan da zaka nema basu da yawa: gilashin ƙara girman rubutu guda ɗaya, irin mai mariƙi ɗin nan, sai rula ko tef na awo, farar takarda mai ɗan kauri, kyandir ko tocilar waya, kofin gilashi da ruwa, da fensir. In akwai tabaran karatu na wani babba a kusa ka aro shi, in kuma akwai na wanda baya ganin nesa shima ka aro, zasu yi mana amfani can gaba.

Mataki na farko: ka fara ganin karyewar da idonka

Kar ka taɓa lenis ɗin tukunna. Zuba ruwa a kofi, ka tsoma fensir a karkace, ka duba ta gefe. Zaka ga kaman fensirin ya karye daidai inda ya shiga ruwan, ka fito dashi kaga lafiyarsa ƙalau. Fensirin bai karye ba, hasken da ke tasowa daga jikinsa zuwa idonka ne ya canza hanya lokacin da ya fito daga ruwa ya shiga iska.

Dalili kuwa gudu ne. Haske a sarari yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, a cikin iska ma kusan haka ne, amma da ya shiga ruwa sai ya sauko wajen 225,000, a cikin gilashi kuma wajen 200,000. In ka raba gudunsa na sarari da gudunsa a cikin abu, lambar da ka samu ita ke nuna ƙarfin abin wajen karya haske: ruwa 1.33, gilashi wajen 1.5, lu'ulu'u kuwa, wato daimon, har 2.42, shi yasa yake walƙiya haka.

To me ya haɗa rage gudu da canza hanya? Ka ɗauka mota ce tana tafiya a kan kwalta sai ta sauka cikin yashi a karkace, tayar dama ta riga shiga yashin ta rage gudu, ta hagu kuma har yanzu tana kan kwalta da gudunta, dole kan motar ya juya wajen dama ko direba bai murɗa sitiyari ba. In kuwa tayoyin biyu suka shiga yashin lokaci guda, motar zata rage gudu ne kawai amma ba zata karkace ba. Haske ma haka yake, in ya faɗi a tsaye cak a kan gilashi wucewa yake a miƙe, in ya zo a karkace ne yake karyewa, kuma gwargwadon karkacewar gwargwadon karyewar. Misali hasken da ya zo da digiri 45 daga layin tsaye, wato layin da ya tsaya cak a kan fuskar ruwan ko gilashin, in ruwa ya shiga zai koma wajen digiri 32, in gilashi ne wajen 28. In zai fito kuma sai ya karye ta ɗaya ɓangaren, ya nisanci layin tsayen.

Wannan ƙa'idar a makaranta da sunan Snell ake koyar da ita, mutumin Holand da ya gano ta a 1621, amma tun shekarar 984 Ibn Sahl ya riga ya zana ta a Bagadaza cikin rubutunsa a kan madubai da gilasan da ke kunna wuta, kuma ni a ganina ya kamata ɗalibi ya san wannan. Bayansa Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir tsakanin 1011 da 1021, inda ya tabbatar da gwaji cewa haske ne ke shigowa ido daga abubuwa, ba ido ne ke fitar da wani haske yana laluben abu ba kaman yadda wasu magabata suka ɗauka.

Mataki na biyu: shafa gilashin ka san irinsa

Ɗauki gilashin ƙara girman ka shafa shi da yatsu biyu, zaka ji tsakiyarsa tafi gefensa kauri, ya yi tudu kenan. Irin wannan tara haske yake yi wuri ɗaya. Na biyun shine mai loɓawa a tsakiya, gefensa ne mai kauri, shi kuma watsa haske yake, irinsa ne a tabaran masu matsalar ganin nesa. In baka iya ji da hannu ba ka riƙe shi ɗan nesa kaɗan da rubutu, mai tudu zai ƙara girman harafi, mai loɓa zai rage shi.

Yanzu ka haɗa da maganar mota. Hasken da ya bi ta tsakiyar mai tudu a tsaye ya same shi, dan haka wucewa zai yi abinsa. Wanda ya faɗi ɗan sama da tsakiya ya tarar fuskar gilashin ta ɗan karkata, sai ya karyo ƙasa kaɗan, wanda ya faɗi can bakin gefe ya tarar da karkata mai yawa sai ya karyo sosai, na ƙasa suma haka suke karyowa sama. Lanƙwasar fuskar an yi ta ne yadda duk hasken da ya zo a jere kafaɗa da kafaɗa zai je ya haɗu a ɗigo ɗaya a bayan gilashin. Wannan ɗigon zan riƙa ce masa matattara, nisan da ke tsakaninsa da gilashin kuma tazarar matattara, a littafi harafin f ake sa masa. Duk sirrin aikin lenis yana cikin wannan tazarar, in ka santa ka san gilashin.

Mataki na uku: auna tazarar gilashinka

Da rana ka shiga ɗaki mai taga ɗaya, ka kashe fitila, ka tsaya jikin bangon da ke fuskantar tagar. Manna farar takardar a bango, ka riƙe gilashin a gabanta, ka riƙa matso dashi kana ja baya a hankali. Da farko haske ne kawai a dagule, sai kawai a wani wuri kaga taga ta fito tsaf a jikin takardar, ƴar ƙarama, da ƙarafunanta da bishiyar da ke waje da kalar sama, komai a kife, in wani ya gitta ta waje zaka gan shi yana tafiya kansa a ƙasa kuma ta ɓangaren da ba shi ya nufa ba. Tsaya nan ka ɗan kalla da kyau kafin ka ci gaba, dan abin da kyamara ke yi kenan ba ƙari ba ragi.

Ka daidaita har sai abin da yafi nisa a waje, kaman bishiya ko gini, ya fito tas, sannan ka auna daga gilashin zuwa takardar. Wannan shine f ɗinka, saboda hasken abu mai nisa kusan a jere yake isowa. Yawancin gilasan ƙara girma na hannu zaka samu tsakanin santimita 5 zuwa 20. Zan ɗauka naka 10 ne dan lissafin ya zo da sauƙi, in ba haka bane ka sa lambarka.

Wasu da rana suke aunawa, su tara haskenta a kan takarda har ya zama ɗigo. Yana yi, kuma ɗigon nan ba komai bane illa hoton ranar kanta, a gilashi mai f na santimita 10 faɗinsa bai fi milimita ɗaya ba, duk hasken da ya faɗo kan faɗin gilashin an matse shi a ɗan wurin nan, shi yasa takarda ke kamawa da wuta. Amma dan Allah kar ka kuskura ka kalli rana ta cikin kowane irin gilashi ko da na ƙiftawar ido, abin da ya faru da takardar shine zai faru da bayan idonka, kuma wannan ƙunar bata warkewa. Kar kuma ka bar gilashin yashe a inda rana ke bugawa, ko ka bar shi hannun yaro ba kowa kusa.

Mataki na huɗu: kyandir, gilashi, takarda

Nan ne aikin yake, dan haka kar ka yi gaggawa. Da dare ko a ɗaki mai duhu ka shimfiɗa tef ɗin awo a kan tebur, ka kunna kyandir a ƙarshe ɗaya, gilashin a tsakiya a tsaye, takardar a ɗaya gefen, kuma harshen wutar da tsakiyar gilashin su zama tsayi ɗaya, in ba haka ba hoton zai gudu sama ko ƙasa ka yi ta nema. In tocilar waya zaka yi amfani da ita, yanke ƴar kibiya a jikin kwali ka rufe fitilar da ita da siririyar takarda a bayanta, dan ka gane sama da ƙasa.

Fara da kyandir a santimita 30 daga gilashin. Matsa takardar har wutar ta fito tas, zaka same ta a santimita 15, a kife, rabin girman na gaske. Yanzu matso da kyandir zuwa 20, wato ninkin f, hoton zai dagule, ja takardar baya zuwa 20 sai ya dawo, kuma girmansa daidai da na wutar. Matso zuwa 15, hoton ya tafi 30, ya ninka girma sau biyu. A 12 kuwa sai ka kai takardar har santimita 60, wutar ta zama ƙatuwa ninki biyar amma ta dusashe, tunda hasken ɗaya ne aka shimfiɗa a wuri mai faɗi. Kaga yadda abin ke tafiya: kana matso da abu kusa da matattara, hotonsa na guduwa nesa yana ƙara girma. Na farkon shine kyamara, babban abu mai nisa ya zama ƙaramin hoto. Na ƙarshen shine majigi, ƙaramin abu a kusa ya zama babban hoto a bango, kuma shi yasa a cikin majigi a kife ake sa hoton dan ya fito daidai.

Lissafin ba wuya. Ka ninka nisan kyandir da f, ka raba da bambancin da ke tsakaninsu. Na 30 ɗin: 30 sau 10 ya bada 300, 30 a cire 10 saura 20, 300 a raba da 20 ya bada 15. A littafi zaka ga 1/f = 1/u + 1/v, abu ɗaya ne aka juya, u nisan abin, v nisan hoton. Girma kuma ka raba nisan hoton da nisan abin, 15 bisa 30 rabi kenan. Ina baka shawara ka fara lissafawa kafin ka matsa takardar, ka aje ta inda lissafi yace, sannan ka duba. In ka samu kuskuren santimita ɗaya ko biyu ba komai, gilashin yana da kauri kuma awon f ɗinka ba lallai ya zama cif ba. In kuma ka rasa hoton gaba ɗaya duk inda ka kai gilashin, duba nisan kyandir da takarda, in bai kai ninki huɗu na f ba, wato 40 a namu, hoto ba zai taɓa fitowa ba.

Me yasa yake kifewa? Ɗauki tsinin wutar na sama. Haske na fita daga wurin ta ko'ina, amma bi guda biyu kawai. Ɗaya ya tafi a kwance ya bugi saman gilashin, ya karyo ƙasa ya bi ta matattara ya ci gaba da gangarawa. Ɗayan ya nufi tsakiyar gilashin, shi wannan baya karyewa, daga sama ya taho dan haka ƙasa zai ci gaba da yi. Inda biyun suka haɗu nan hoton tsinin yake, kuma a ƙasan layin tsakiya ne. Gindin wutar shima haka, nasa ya haura sama. Zana wannan da rula a takarda sau ɗaya da hannunka, yafi ka kalli zanen wani sau goma.

Ga wani gwaji da nake so ƙwarai. Hoton na kan takarda, sai ka rufe rabin gilashin da kwali. Kusan kowa ka tambaya zai ce rabin wutar zai ɓace. Ba ya ɓacewa, wutar na nan cikakkiya, haskenta ne kawai ya ragu, saboda kowane ɓangare na gilashin yana karɓar haske daga kowane ɓangare na wutar yana kaiwa inda ya dace. In ka huda ƙaramin rami a kwali ka rufe gilashin ya zama tsakiyar kawai ke aiki, hoton zai ƙara dusashewa amma zai fi fitowa tsaf, dan gefen gilashi mai araha yana karya haske fiye da kima. Ƙofar hasken kyamara haka take aiki, ɗan baƙin tsakiyar idonka ma haka, yana tsukewa a rana yana buɗewa a duhu.

Mataki na biyar: shiga cikin matattara

Kai kyandir daidai santimita 10. Duk inda ka kai takardar babu hoto, hasken ya fita a jere baya haɗuwa, irin yadda ake so fitilar haska nesa ta yi. Ka ƙara matsowa zuwa 5, nan ma takarda ba zata nuna komai ba, amma cire takardar ka sa idonka a wurin ka leƙa ta cikin gilashin, gara ka canza kyandir da rubutu a nan. Zaka ga rubutun a tsaye ba a kife ba, kuma ya ƙara girma. Hasken bai haɗu a ko'ina ba, a warwatse ya fito, sai dai gilashin ya rage warwatsuwar, ido kuma a kullum ɗauka yake haske a miƙe ya taho, sai ya bi layin baya ya ga kaman abin na can nesa kaɗan kuma babba. In ka yi lissafin, 5 sau 10 ya bada 50, 5 a cire 10 saura 5 mai alamar ragi, 50 a raba da shi ya bada 10 mai alamar ragi, ragin nan na nufin hoton na ɓangaren da abin yake. Wannan hoton ido kaɗai ke ganinsa, gizo ne, ba ya sauka kan takarda, saɓanin na kyandir ɗin ɗazu. Gilashi mai loɓa shi kullum irin wannan yake bayarwa, a tsaye kuma ƙarami, gwada da tabaran da ka aro a jikin bango kaga ba zai fitar da taga ba.

Ƙarfin ƙara girma ana ƙiyasta shi da raba 25 da f a santimita, saboda santimita 25 ake ɗauka a matsayin kusancin da lafiyayyen ido ke karatu ba wahala. Namu na 10 ninki biyu da rabi kenan. Ƙaramin gilashi mai tudu sosai yafi ƙarfi, ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan leda mai haske ka ɗora kan rubutu kaga yadda harafi zai kumbura. Da ƴan mitsi-mitsin gilasai irin haka, guda ɗaya tak a kowace na'ura, Leeuwenhoek na Holand ya ga ƙwayoyin halittar da ido baya gani a shekarun 1670.

Mataki na shida: karanta lambar tabarau

Lambar da likitan ido ke rubutawa, +2.00 ko -1.50, dayofta ake ce mata, kuma 1 ne aka raba da f a mita. Wato +2.00 matattararsa na rabin mita, santimita 50, +2.50 kuma 40. Gwada da tabaran karatun a jikin bango ka auna, zaka ga ya yi daidai. Gilashinmu na santimita 10 dayofta 10 ne.

Idonka gaba ɗaya wajen dayofta 60 ne, kuma abin da mutane basu sani ba shine kusan kashi biyu cikin uku na aikin fatar nan mai sheƙi ta gaban ido ce ke yinsa, lenis na ciki sauran yake cikawa. Shi yasa in ka buɗe ido a cikin ruwa komai ke dagulewa, lambar ƙarfin karya haske ta fatar ta kusa da ta ruwa, dan haka hasken baya karyewa sosai a wurin. Hoton a kife yake sauka a tantanin bayan ido, Kepler, masanin taurari ɗan Jamus, ne ya bayyana haka a 1604, ƙwaƙwalwa ce ke fassara shi. Ido ba zai iya matsa takardarsa baya ba kaman yadda ka yi, sai dai tsoka ta sa lenis na ciki ya ƙara tudu in abu na kusa. Da shekaru suka haura 40 lenis ɗin ya fara tauri, sai kaga mutum yana miƙa hannu nesa da takarda kafin ya karanta, mai tudu ke taimaka masa, kuma irinsa ne tabarau na farko da aka yi a Italiya ƙarshen ƙarni na 13. Mai matsalar nesa kuwa idonsa tara haske yake da wuri kafin ya kai tantanin, sai a bashi mai loɓa ya ɗan watsa shi tukunna. Wanda ganinsa ke tsayawa a santimita 50 kusan -2.00 zai buƙata, amma wannan dan fahimta ne, gwajin ido na likita ne.

In kana da sauran kuzari haɗa biyun. Riƙe tabaran +2.00 a nesa da hannu ɗaya, gilashin ƙara girman kusa da idonka, tsakaninsu wajen santimita 60, wato 50 da 10, ka saita wani gini mai nisa, ba rana ba. Sai ka ɗan yi haƙuri kafin su daidaita, amma da sun hau layi ginin zai matso ninki biyar, a kife, saboda na gaban ya yi hoto a iska na bayan kuma ya ƙara girmansa. Madubin hangen nesa kenan, ɗan'uwan wanda Lipperhey ya nemi rajistarsa a Holand a 1608, Galileo na Italiya ya ƙera nasa a 1609, sai dai su mai loɓa suka sa a wajen ido shi yasa nasu baya kifewa. Zaka lura da ɗan shuɗi da ja a gefen abubuwa, wannan kuma saboda gilashi yafi karya shuɗin haske a kan ja ne, kowace kala da tata matattarar, kuma dan a gyara wannan da irinsa ne ake jera gilasai da yawa a cikin kyamara, har ta wayar da ke hannunka, maimakon guda ɗaya.